Minti goma da na yi wa nas masifa a kansu

Jama'a, yau laifin kaina zan kawo muku.

Daminar bara, wajen ƙarfe ɗaya na dare, zazzaɓi ya rufe 'yar autarmu mai shekara biyu da rabi. Jiki kamar garwashi, ga amai, can sai ta fara jijjiga. Muka kwashe ta zuwa wani asibiti a nan Nassarawa GRA. Likita ya duba, aka yi gwaji, aka ce maleriya ce mai tsanani, ya rubuta allurai. Nas ɗin da ke aikin dare ta karɓi kati, ta dubi rubutun, ta dubi yarinya, sai ta ajiye sirinjin da ta ɗauko. Ta ce: "Baban yarinya, a ɗauko ta mu sake awo."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce: "Haba Sista! Yarinya na wannan hali kina maganar sikeli? Ai an auna ta a waje." Har da su "kin san ko ni wane ne", irin maganar da mu ma'aikatan gwamnati muka iya idan an taɓa mu. Ba ta tanka ba. Ta ce kawai: "Yi haƙuri Alhaji, kilo 21 aka rubuta, ni kuma idona bai ga kilo 21 a jikin yarinyar nan ba."

Aka ɗora ta. Kilo 12. Wanda ya cike katin cikin gaggawa ya juya lambobin ne.

Ta koma wajen likita ya gyara, ta fito da biro ta yi lissafinta a bayan takarda, ta kira abokiyar aikinta ta sake dubawa, sannan ta yi allurar. Duka-duka minti goma. Ni kuwa na tsaya kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Da gari ya waye, yarinya ta samu barci, na je na ba ta haƙuri, na roƙi ta fahimtar da ni. Ta ce maganin yara da nauyi ake ba da shi, ba da shekaru ko ƙiyasin ido ba. Allurar artesunate, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo, wanda ya kai 20 zuwa sama kuma 2.4. Namu ke nan 12 sau 3, miligiram 36. Da an bi katin, kusan 50 za a ba ta. Ta gaya mini gaskiya cewa shi artesunate yana da sauƙin lamari, mai yiwuwa ba shi zai yi ɓarna ba. Abin tsoron shi ne da wannan lamba 21 za a lissafa duk sauran: maganin jijjiga irin diazepam, wanda idan ya yi yawa yakan danne numfashi, da gentamicin mai iya taɓa ƙoda da ji, har da yawan ƙarin ruwan da za a saka mata. Kuskure ɗaya a saman kati, sai ya bi kowane layi har ƙasa.

Ta kuma nuna mini cewa bayan an san miligiram, akwai lissafi na biyu: mil nawa za a ja a sirinji? Idan an haɗa kwalba mai miligiram 60 ta zama mil 6, kowane mil yana ɗauke da 10, don haka 36 ta zama mil 3.6. Ɗigon nan da ke tsakanin 3 da 6, rai ne a rataye da shi. Shi ya sa ake hana su rubuta 1.0, kada ɗigon ya ɓace a karanta 10, kuma ake so a rubuta 0.5 da sifilinsa, kada a karanta 5. Kafin kowace allura akwai tambayoyi biyar da suke yi wa kansu: shi ne marar lafiyar? Shi ne maganin? Adadin daidai ne? Ta wace hanya, baki ko jijiya ko tsoka? Lokacinsa ya yi? To idan ka ji nas tana sake tambayar sunan ɗanka karo na uku, ba mantuwa ba ce, aikinta take yi.

Mu Kanawa ba baƙin tsoron magani ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu. Cikin zarge-zargen da iyaye suka kai kotu har da cewa yaran da aka ba ɗaya maganin, ceftriaxone, an rage musu adadin da ya kamata. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2008 kuma maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe jarirai fiye da 80 a ƙasar nan saboda gubar da ke cikinsa. Muna da dalilin yin hattara. Sai dai hattarar tamu takan tsaya a kan jita-jitar rigakafi, ba ta kai ga cokalin da ke kicin ɗinmu.

Ku duba abin da muke yi a gida. Paracetamol na ruwa, ƙa'idarsa miligiram 15 a kan kowane kilo, kada a wuce sau huɗu a awa 24. Yaro mai kilo 12 zai sha 180, wato mil 7.5 idan kwalbar ta ce 120 a cikin mil 5. Wa yake wannan lissafi a cikinmu? Cokalin shayi muke ɗauka, alhali cokula ba girmansu ɗaya ba. Sannan a kawo maganin mura daga kemis a haɗa, ba a karanta an ga shi ma akwai paracetamol a ciki ba. Hanta ce ke biyan bashin.

Ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran magani na cin dala biliyan 42 duk shekara a duniya. Amma tamu tana da ƙari. A farkon 2024 Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce nas-nas 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka rage su ne ke kwana a tsaye, mutum ɗaya da ɗaki guda cike da gadaje, ga 'yan jinya kowa na jan rigarta. Kan da ya gaji shi ke juya 12 ta koma 21. Mu da muke ofisoshi muna tura fayil, mu tuna cewa takardar ɗaukar ma'aikatan jinya ko sayen sikelin yara da ta kwana wata uku a teburinmu, a kan gadon wani yaro za ta fashe. Ran nan saura ƙiris ta fashe a kan nawa.

Roƙona kaɗan ne. Ka san nauyin ɗanka, ka duba abin da aka rubuta a kati. Ka faɗi duk abin da aka ba shi a gida, har da jiƙo da na kemis, ba a ɓoye wa mai wanka cibiya. Ka nemi sirinji ko ɗan kofin awo, ka bar cokali. Idan kuma ka ga nas ta sunkuya tana lissafi, don Allah ka yi shiru, ka bar ta ta gama.

Yarinya dai ta warke, tana nan tana ƙiriniyarta. Ita kuma baiwar Allahn da na yi wa tsawa ta ƙi biye mini, kullum tana cikin addu'ata. Allah Ya saka wa ma'aikatan jinyarmu da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.