Abin da Gishiri Yake Yi wa Sabulu

Duk mai haɗa sabulun ruwa, a masana'anta ko a bokitin roba a tsakar gida, ya san gishiri yana kawo kauri. A zuba kaɗan a juya, ruwan da yake tsinke ya fara nauyi a muciya. A ƙara, ya yi yauƙin da masu saye ke so. Abin da ba a cika faɗa wa masu koyon sana'ar ba shi ne kaurin yana da iyaka. Da zarar an wuce ta, haɗin yakan sake tsinkewa, wani lokaci ya rabu gida biyu, jarin mako guda ya salwanta.

Dalilin yana wurin da ido ba ya kaiwa. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da doguwar wutsiya mai gudunsa. Idan ƙwayoyin suka yi yawa a ruwa, sai su dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Wannan dunƙulen ake kira maisel, sunan da James McBain ya yi amfani da shi a 1913 a binciken sabulu da yake yi a Ingila. A sinadarin wanki da aka fi nazari, ƙwayoyi kusan 60 ne ke haɗuwa a maisel guda. Kawunan duk cajin lantarki iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka suna ture juna, kowanne na neman fili. Kai mai faɗi da wutsiya siririya siffar mazurari ke nan, mazurarai kuwa in aka jera su ƙwallo suke bayarwa.

A nan ayon ke shigowa, wato ɓarɓashin gishiri mai caji da ke yawo a ruwa. Kowane kai yana zuwa da ayon mai kishiyar cajinsa, kuma fiye da rabinsu kan maƙale kusa da fatar maisel. Ƙarin gishiri yana ƙara yawansu, su shiga tsakanin kawunan kamar masu raba faɗa. Kawunan su matso, mazurarin ya tsuke, ƙwallo ya miƙe ya zama sanda, sandar ta yi ta tsawo har ta koma zare mai lanƙwasa. Zaruruwan su sarƙe kamar dafaffiyar taliya, wannan sarƙewar ce kaurin da hannu ke ji. Idan gishirin ya yi yawa, zaruruwan kan fara yin rassa, mahaɗar rassan kuma tana zamewa a jikin zare, sai tsarin ya saki. A 1976 Israelachvili da Mitchell da Ninham suka taƙaita batun a lamba ɗaya, wadda ke auna girman wutsiya da filin da kai ya ci: ƙasa da sulusi ƙwallo, tsakanin sulusi da rabi sanda, daga rabi zuwa ɗaya shimfiɗa.

Lamarin ya fi ban sha'awa idan ruwa ya ragu, maisel suka cunkushe har ya zama dole su jeru. Sanduna kan kwanta gefe da gefe kamar damin kara, kowace da maƙwabta shida. Shimfiɗu kan hau kan juna kamar tarin tabarmi, da siririn ruwa a tsakani. Abu ne mai tsari irin na lu'ulu'u amma yana gudana, shi ya sa masana ke kiransa kiristal mai ruwa. Irin wanda yawan ruwa ke juya shi ana ce masa layotirofik. Vittorio Luzzati da abokan aikinsa a Faransa ne suka fayyace waɗannan tsare-tsaren da hasken eksire a wajejen 1960. Masu dafa sabulu sun riga su sanin bambancin da hannu, domin damin kara yakan daskare a tukunya ya ƙi juyuwa.

Mai sayen Texapon N70 a kasuwa tana riƙe da misalin a hannunta. Kashi 70 cikin ɗari na abin sinadari ne, yana cikin tsarin tabarmi, tabarmi kuwa suna zamewa a kan juna, don haka ana iya ɗibarsa. A zuba masa ruwa kaɗan, maimakon ya sassauta sai ya ƙara tauri, ya yi gudaji, saboda ya faɗa tsarin damin kara. Sai an sirka shi ƙasa da kusan kashi 30 yake komawa ruwa sosai. Al'adar murza shi da gishiri kafin a kawo ruwa tana da tushe: gishirin yana tsuke kawuna, ya raunana wancan matakin mai tauri.

Sai dai yawan caji kaɗai bai isa bayani ba, kuma a nan lissafin littattafan makaranta ke gazawa. Tun 1888, a birnin Prague, Franz Hofmeister ya lura cewa gishiri iri-iri ba su da ƙarfi ɗaya wajen kwantar da furotin na farin ƙwai, ko da cajinsu ɗaya ne. Jerin da ya fitar yana aiki a fatar maisel ma. Akwai sinadaran wanki biyu, CTAB da CTAC, masu kai ɗaya da wutsiya ɗaya, bambancinsu ayon kawai: buromayid a na farko, kulorayid a na biyu. Buromayid ya fi girma, ruwan da ke kewaye da shi bai riƙe shi sosai ba, saboda haka yana manne wa kawunan, maisel ɗin su miƙe da wuri. Kulorayid yana tsayawa ɗan nesa cikin rigarsa ta ruwa, nasa maisel su daɗe a dunƙule.

Ko sabulun salo shaida ne. Tokar da ake yin sa da ita fotasiyam ne ya fi yawa a cikinta, sabulun fotasiyam kuwa laushi gare shi, yayin da na sodiyam, wanda ake yi da soda, yake sandarewa. Kalsiyam ya fi su duka tsanani, domin cajinsa biyu ne, yakan kama kawuna biyu lokaci guda ya fitar da sabulun gargajiya daga ruwa a matsayin farin kaki. Shi ya sa ma'aunin gishirin da ya yi daidai da ruwan famfo zai iya wuce iyaka ranar da aka ɗebo na rijiya mai zartsi, domin ruwan ya riga ya zo da nasa ayon kafin a buɗe ledar gishiri.