Malamin Da Ke Ƙidayar Masu Sanƙarau

A ƙasar Kontagora, da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kankama, dattawa sun san ciwon da ake tsoro, watau sanƙarau. A shekarar 1996 kaɗai ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa.

To, akwai wani ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma wanda ba safai ake tunawa da shi ba. Aikinsa shi ne ya bi asibitocin ƙauye a kan babur, ya buɗe littattafansu, ya ƙidaya waɗanda aka kawo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya aika Minna kowane mako. Mai jinya in ya gan shi da alƙalami sai ya zaci malamin ofis ne kawai. Alhali kuwa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in mutum 10 cikin 100,000 suka kamu a mako guda, annoba ta sauka. In ba mai ƙidaya, yaro ya mutu a Rijau, wani a Mariga, kowane gida ya yi zaman makokinsa, ba wanda zai san an cika goman.

An ga haka. Tun daga 2011 aka yi ta allurar rigakafin sanƙarau nau'in A, ta kuwa yi aiki ƙwarai. Amma a ƙarshen 2016 sai nau'in C ya ɓulla a Zamfara, labari bai isa hukumar tarayya ba sai Fabrairun 2017. Kafin a shawo kansa ya ratsa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, mutum fiye da 1,100 suka rasu. Sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an gwada ake gane nau'in, da wannan shaida kuma ake roƙon allurar da ta dace daga waje.

Tun 2008 Nijeriya ta fara horar da masu bin diddigin annoba na tsawon shekara biyu, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan. Madalla da wannan. Amma fa malamin Kontagora, ko an horar da shi, yana bukatar man babur, da kwalbar ɗaukar ruwan gwaji, da wani a Minna wanda ya iya lissafi, zai kuma karanta takardarsa ran da ta iso.