Tsohon Akawu da Akwatin Tambaya

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san wani ɗan akwati da yakan faɗo tsakiyar allo, ya tsai da aiki cik har sai an ba shi amsa. Wani lokaci yakan tambaya ko a adana abin da aka rubuta, wani lokaci kofe nawa za a buga, wani lokaci kuwa ko da gaske ake so a shafe takarda. Masu fassara sun raɗa masa suna akwatin tattaunawa. Amma akwai wani dattijo a garin Ƙaraye wanda bai taɓa yarda da wannan suna ba, domin a ganinsa akwatin ba hira yake yi da kowa ba, tambaya yake yi, saboda haka akwatin tambaya yake ce masa.

Mutanen gari da Malam Akawu suka san dattijon nan, saboda ya kama aikin buga tafireta tun zamanin En'e, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976. Yawancin aikinsa a lokacin jadawali ne, watau sunan mai unguwa a layi ɗaya, yawan mazaje a na biyu, yawan shanu a na uku, kuɗin da aka tara a na ƙarshe. A jikin tafireta akwai wani madanni da ake kira Tab, wanda da an taɓa shi sai keken ya yi tsalle daga wannan layi zuwa na gaba. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, jadawalin ya tafi, amma yatsan Malam bai mance da madannin ba.

Bayan da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwa, ya sayi kwamfuta ta hannu, yana buga wa jama'a takardun cinikin gona, da na neman aiki, da wasiƙun masunta na madatsar ruwan Challawa. Kwamfutar ta zo da linzami irin na da, mai ƙwallo a ciki, wanda yara ke kira ɓera. Hunturu ɗaya ƙura ta gama da shi. Ko kafin ya lalace ma ba shiri suke yi da Malam ba, don kuwa hannunsa ya fara rawa, in ya nufi wannan wuri sai kibiyar ta zarce wancan. Ran nan yana da takardar gaggawa, akwatin bugawa ya fito, linzami ya ƙi motsi. Sai yatsansa ya kai kan Tab bisa sabo. Nan take ya ga wani siririn zane ya tashi daga inda yake ya kewaye wani gurbi na gaba.

Daga wannan rana ya shiga bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya har ya gane tsarinsu. Zanen nan shi ne alamar inda hankalin na'ura yake, kuma duk abin da aka danna a kan wurin da ya kewaye zai yi aiki. Tab yana ciyar da shi gaba, in an haɗa da Shift ya komo baya. Dogon madannin nan na ƙasa yana sa maki a ƙaramin gurbi mai kusurwa huɗu, ko ya cire shi. Inda aka jera zaɓi da 'yan da'irori, waɗanda ɗaya tak ake ɗauka a cikinsu, madannan kibiya ne ke zagayawa. In aka riƙe Alt aka danna harafin da aka ja wa layi a cikin wata kalma, sai zanen ya dira kan kalmar kai tsaye. Enter yana zartar da amsar da na'ura ta riga ta gabatar, Esc kuwa yana rufe akwatin ba tare da an canza kome ba.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan hanya ba dace ba ce kurum, da gangan aka shimfiɗa ta. Douglas Engelbart ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a Amurka a 1968, amma madannai sun girme shi nesa ba kusa ba. A 1987 kamfanin IBM ya fitar da ƙa'idojin da suka daidaita yadda za a riƙa sarrafa manhajoji da madannai, kuma Windows ta gaji da yawa daga cikinsu. Makafi ma ta nan suke bi, domin wanda ba ya ganin kibiya ba abin da linzami zai tsinana masa. Manhajar NVDA, wadda aka fara a Ostareliya a 2006, tana karanta wa makaho sunan duk gurbin da Tab ya kai shi.

Ana nan sai jikarsa ta zo daga Zarewa ta ƙasar Rogo, saura wata guda ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. Hukumar JAMB ta fara yin jarrabawar da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta daina ta takarda gaba ɗaya. Yarinyar tana da ƙoƙari, amma ban da wayar mahaifinta ba ta taɓa riƙe wata na'ura ba. Mahaifin nata manomi ne, masara ya sayar ya biya kuɗin rajista, ya kuma gaya mata a fili cewa ba shi da halin biya sau biyu. Abin da ya fi tsorata ta ba tambayoyin ba ne, ɓeran nan ne da ta ji ƙawayenta suna cewa yana gudu a hannun baƙo.

"Amaryata, ashe ɓera kike tsoro?" in ji Malam. "To, ni angonki shekara nawa ina cin abinci da na'urar nan ba da shi ba."

Ta ce, "Kai dai Kaka, naka mai sauƙi ne, in ka ɓata ka sake. Ni sau ɗaya aka ba ni."

Tsoron nata ba nata ba ne ita kaɗai. Hukumar da kanta ta lura da shi, shi ya sa a 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, ta fito da tsarin madannai takwas. Haruffan A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa ta baya, S na miƙa jarrabawa, R kuwa na janyewa ga wanda ya fasa miƙawa. Daga baya aka ƙara Y don tabbatarwa. Malam ya sa aka rubuto masa waɗannan a takarda, ya duba, ya yi murmushi, ya ce ai wannan tsohuwar hanya ce aka yi wa sabon suna.

Kullum bayan la'asar, in an sami wuta ko an tada janareta, sai ya zaunar da ita. Bai fara da haruffan jarrabawa ba. Sai ya buɗe akwatin bugawa ya ce ta kai zanen kan yawan kofe, ta mai da shi uku, ta fita ba tare da ta buga ba. In ta yi garaje sai ya ɗage mata hannu. Ya ba ta labarin wata takardar cinikin gona da ya yini yana bugawa, da ya zo adana wata sabuwa mai suna iri ɗaya akwati ya tambaye shi ko a maye gurbin tsohuwar, shi kuwa ya amsa i bai karanta ba. Sai da aka sake tara shaidu. Ya ce, "Akwatin nan ba ya gaggawa, 'yar nan. Ko za ki shekara zai jira ki. In ya fito ki ɗauke hannu tukuna, ki karanta, ki duba inda zanen yake. Gaggawa aikin Shaiɗan ce."

Ranar jarrabawa aka ba su tambaya 180 cikin awa biyu. Ta gama Ingilishi da darussa biyu lafiya, ta shiga na ƙarshe, lokaci yana ƙurewa. To, a jerin madannai harafin S yana tsakanin A da D ne. Ta nufi D, yatsa ya zame, sai ga akwati a tsakiyar allo yana tambaya ko ta gama. Saura mata tambaya wajen talatin. Gabanta ya faɗi, hannunta ya ɗauki rawa kamar na kakanta, zuciya tana ce mata ta danna kome dai abin ya kauce. Sai ta ɗora hannuwanta biyu a cinya, ta karanta rubutun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ta danna R. Tambayarta ta dawo inda ta bar ta.

Akwai abin lura a nan ga ɗaliban Hausa. Yawancin akwatunan nan da Ingilishi suke tambaya, kuma mutum ba ya iya amsa abin da bai fahimta ba, kome sanin madannansa. Fassara su da daidaita sunayen sassansu aiki ne da ke jiran masu nazarin harshe, kuma ba laifi in sun saurari irin su Malam Akawu, waɗanda suka raɗa wa abubuwan suna tun daga bakin aiki.

Da sakamako ya fito, makinta ya isa, ta zo Ƙaraye da kanta ta gaya masa, har da labarin harafin S. Dattijon ya yi shiru, ya yi hamdala, sa'an nan ya ce tun da yanzu ta ƙware, ga takardar masunta can tana jira, ta zauna ta buga masa kofe biyu kafin a ɗauke wuta.