Kan Yumɓun da Na Fasa

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na yi wata ɓarna wadda har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. Wata damina muna huɗa a gonar kawuna da ke bayan garin Kafanchan, sai garma ta tono wani abu mai nauyi. Da na goge ƙasar da ke jikinsa, sai ga kan mutum na gasasshen yumɓu, idanunsa masu kusurwa uku, an huda tsakiyarsu, ga kitso an tsara shi tiryan-tiryan. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai yaro, yar da shi, gunki ne!" Ni kuwa ban tsaya a yarwa ba. Na sami dutse na farfasa shi, na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Sai bayan shekaru da dama, ina ɗalibi a jami'a, hutu ya kai ni ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, inda akwai wani ɗan ƙaramin gidan tarihi. Ƙauye ne a gindin duwatsu, wanda baƙo zai iya wucewa bai san cewa sunansa ya zagaya duniya ba. A yankin nan ne masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928. A 1943 kuma aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kai a Jos, wanda aka tono a ƙasar Jama'a, har wani ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakaninsu, ya raɗa wa al'adar sunan wannan ƙauye.

Ina shiga ɗakin da aka jera kayan, gabana ya faɗi. Idanun nan masu kusurwa uku su ne suka tarbe ni, tamkar an ɗinke wanda na fasa an ajiye yana jirana. Mai yi mana jagora ya ga na yi tsuru-tsuru, ya ce, "Malam, lafiya?" Na kwashe labari na gaya masa. Bai zarge ni ba, ya dai ce ƙasar da muke tsaye a kanta ma ba a gama sanin abin da ta haɗiye ba.

Daga baya karatu ya ƙara buɗe mini ido. Binciken da masana na Jami'ar Goethe ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna cewa mutanen nan sun zauna a wannan yanki tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gero da wake suke nomawa, abincin da ni ma da shi aka yaye ni. A Taruga an gano matoyan da suke narka tama su fitar da ƙarfe. Ashe abin da na ɗauka abokin gaba ne, aikin hannun wani manomi ne irin kawuna, wanda ya riga mu shan ruwan wannan ƙasa.

A Lizbon ta ƙasar Fotugal an gina gidan tarihi a kan kangon dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, kuma ba wanda ya ce mutanen birnin sun koma bautar allolin Rum. Mu kuwa namu kayan, wanda ya tsira daga dutsen jahili sai ya faɗa hannun ɗan fasa-ƙwauri. Ta haka wasu suka tsinci kansu a gidan tarihi na Louvre a Faransa a shekarar 2000.

Ba na ganin laifin Kawu, Allah ya jiƙansa, tsoron shirka ne ya sa shi magana. Amma adana abu daban, bauta masa daban. Tun daga ranar, duk yaron da na ga zai tafi gona nakan ja shi gefe in ce, idan garmarsa ta tono fuska, ya naɗe ta a rigarsa ya kai wa hukuma. Wanda na fasa dai ya tafi ke nan, Allah ya sa wanda ke kwance a gonar gaba ya gamu da wanda ya fi ni sani.