Mita 7.12: Chioma Ajunwa da 'yan matan Gwandu da Kalgo

Ranar 2 ga Agusta, 1996, a birnin Atlanta na Amurka, Chioma Ajunwa ta sheƙo da gudu, ta taka katako, ta dira cikin yashi. Da aka auna, mita 7.12 ne. Tsallenta na farko ke nan a zagayen ƙarshe, kuma har aka tashi ba wadda ta kamo ta. Fiona May ta Italiya ta tsaya a 7.02, shahararriyar Ba'amurkiya Jackie Joyner-Kersee ta zo ta uku. Zinaren Najeriya na farko ke nan a gasar Olamfik.

A lokacin 'yar sanda ce, haifaffiyar jihar Imo, daga gidan talakawa. Tana cikin tawagar Super Falcons da ta je gasar kofin duniya ta mata a Sin a 1991. A 1992 aka dakatar da ita shekara huɗu bisa zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari, zargin da ta musanta. Ta dawo, ta ɗauko zinare.

Washegari 'yan ƙwallon Najeriya maza suka doke Ajantina, hankalin ƙasa ya koma kansu. Gidan da aka yi wa Ajunwa alkawari, ta daɗe tana jira, sai 2021 gwamnatin Legas ta miƙa mata mabuɗinsa. Wannan abin kunya ne. A shekarar ce kuma Ese Brume ta karya tarihin Ajunwa na Afirka da mita 7.17.

Irin su Ajunwa ba a Imo kaɗai suke ba. Duk wanda ya ga 'yan mata suna 'yar gala-gala a dandalin Gwandu ko lungunan Kalgo, ya san akwai ƙafa a Kabi. Ƙasar da ta iya karrama ɗan kokawa ba za ta rasa gane gwanin tsalle ba. Kuma dogon tsalle ba ya cin kuɗi: hanyar gudu ta kamar mita 40, katako, ramin yashi, sai ma'auni.

Damuwar iyaye kan sutura da cakuɗa da maza gaskiya ce, bai kamata a raina ta ba. Maganinta yana cikin makarantun 'yan mata: fili a cikin katanga, doguwar riga da wando, malama mace riƙe da ma'auni tana rubuta nisan kowace yarinya duk zango. Wadda ta yi fice sai a kai ta filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi, da yardar iyayenta da rakiyar malamarta.