Araha Ba Ta Ado: Abin Da Ya Sami Wani Mai Wankin Mota A Nasarawo

A unguwar Nasarawo ta cikin garin Gombe akwai wani bawan Allah mai gidan wankin mota, wanda ya haura shekara 10 yana cin abinci da wannan sana'a. Da soso da bokiti ya fara, har Allah ya hore masa injin feshi mai bel, irin na gona. A bakin tiyon injin nan akwai ɗan bawul na tagulla mai hannu, wanda masu gyaran famfo ke kira bol-bawul. A cikinsa ƙwallon ƙarfe ne mai huda a tsakiya, zaune tsakanin zobba biyu na farar roba mai santsi. In an miƙar da hannun ya bi tsawon tiyo sai ruwa ya wuce ta hudar, in an gicciye shi sai ƙwallon ya toshe hanya. Shekara da shekaru mutumin yana murɗa shi bai taɓa ba shi kunya ba, saboda haka bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba.

Da ciniki ya buɗe, manyan motoci masu ɗauko siminti daga Ashaka suka fara tsayawa wurinsa, sai ya ga tsohon injin ba ya iya ɓamɓare laka da baƙin man da ke ƙarƙashinsu. Ya kwashi adashi ya sayo sabon inji mai ƙarfi, wanda ya zo da bindigar wanki mai kunama, wadda da an sake ta ruwa ke tsayawa. Ba a daɗe ba kunamar ta lalace. Lokacin kuwa bayan janye tallafin man fetur ne na watan Mayun 2023, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi, ga kuɗin ruwan tanka. Da ya ji farashin sabuwar bindiga sai ya ce a ransa, ai da tsohuwar zuma ake magani. Ya shiga shagon kayan famfo ya sayi bawul na tagulla irin na da, ya ɗaura a bakin tiyo, ya miƙa wa yaronsa.

Yaron nan kuwa ɗan ƙanwarsa ne, maraya, mai shekara 17, wanda uwarsa ta danƙa masa amana don ya koya masa sana'a. Bayan kwana biyu yaron ya ce, "Kawu, bawul ɗin nan yana tsatsafar ruwa ta wuya, kuma hannunsa ya yi tauri." Kawun ya ce, "Naɗa masa roba ka ci gaba, motoci na jira."

Ran wata Asabar da hantsi, yaro ya rufe bawul zai zagaya bayan tirela, inji na ta ruri. Sai ji aka yi fas! Tagullar ta tsage daga wajen tiredi, tsinin ruwa ya soki tafin hannunsa, tiyo ya kuɓuce yana ta bulala a ƙasa. Raunin ɗan ɗigo ne kamar sukar allura, har wasu na cewa a ɗaure da tsumma kawai. Allah ya sa wani direba ya dage sai an kai shi asibiti. Can likita ya bayyana cewa ruwa mai irin wannan ƙarfi yakan kutsa ƙarƙashin fata da datti da sabulu, ya yi ɓarna a ciki alhali a waje ba a ganin kome, in an yi jinkiri ma akan rasa yatsa. Sai da aka tsaga wurin aka wanke.

Jama'a suka yi ta zuwa jaje suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ma ya riƙe wannan yana lallashin zuciyarsa da ita. Ana nan sai wani tsohon makaniken injunan ban-ruwa ya zo, ya ɗauki fasasshen bawul ya goge shi da gefen rigarsa, ya ce, "Ɗana, karanta mini abin da aka rubuta nan." Ya duba, sai ga 600 WOG a jikin tagullar. Ya ce, "Baba, ni ban taɓa lura da shi ba."

Tsohon ya ce wannan lamba ita ce iyakar matsin da bawul zai iya ɗauka, da ma'aunin nan na PSI da mai faci ke auna iskar taya. Tayar ƙaramar mota wajen 32 take sha. Tsohon injin feshi bai cika wuce 500 ba, shi ya sa tagulla ta zauna lafiya da shi. Amma sabon, ga shi nan an rubuta 3,000 a jikinsa, wato an ɗora wa bawul kayan da ya ninka ƙarfinsa sau biyar.

Ya ci gaba da cewa inji irin wannan bawul na ƙarfe yake so, mai lambar da ta zarce tasa, kamar 5,000, kuma bakinsa ya dace da tiyo, wanda galibi inci 3/8 ne. A kula da tiredi, don akwai na Ingila, BSP, akwai na Amurka, NPT. Sun yi kama amma ba sa haɗuwa, mai tilasta su kuwa tsaga yake nema. Na tagulla yana da gurbinsa tsakanin tanki da inji, inda ruwa ba shi da matsi. Can ma a zaɓi mai faffaɗar huda, a bar shi buɗe sarai muddin inji na aiki, gama famfon da ruwa bai ishe shi ba yakan yi ƙwanƙwasa ya cinye kansa. Kada a bar bawul rabi a buɗe don rage ruwa, zobban ciki za su zaizaye. Kada kuma a rufe na bakin tiyo a bar inji yana aiki fiye da minti ɗaya ko biyu, don ruwan da ke kewayawa cikin famfo zai yi zafi ya ƙone robobi. Uwa-uba, bawul ba ya rufe kansa in ya faɗi daga hannu, bindiga kuwa tana yi. Don haka bindiga ce za ta zauna a hannun yaro, bawul ya tsaya bayanta.

Mutumin ya sayi bindigar, ya sayi bawul na ƙarfe, kuɗinsu duka bai kai abin da ya kashe wajen magani ba. Amma abin da ya fi masa nauyi shi ne ranar da ya je gaban ƙanwarsa. Ta tarye shi da cewa, "Yaya, ƙaddara ce, kada ka sa wa ranka damuwa." Ya sunkuyar da kai ya gaya mata gaskiya, cewa yaron ya yi masa magana tun kafin abin ya auku, shi ne bai saurara ba.

Yaron ya warke ya koma bakin aiki, sai dai babban yatsansa bai gama lanƙwasuwa ba har yanzu. Fasasshen bawul kuwa yana nan rataye a ƙusa a bakin rumfa. Duk sabon yaron da aka kawo koyon wanki, kafin ya taɓa tiyo sai an sauko da shi ya karanta lambar da ke jiki, sa'an nan ya je ya karanta ta jikin inji. Allah ya kiyaye na gaba, amin.