Sukari Ko Suga?

Ina aji biyu na sakandare na zo hutu gida, kaina cike da Turanci. Wata safiya kakata ta miƙo mini kuɗi ta ce, "Je ka sayo mini sukari in zuba a koko." Ni kuwa don a san na yi boko sai na ce, "Haba Kaka, ai suga ake cewa. Kalmar Turawa ce kuka lalata." Ta yi murmushi ta ce, "To ɗan boko, sayo mini ko mene ne sunansa."

Sai da na zo jami'a, ina duba wani babban ƙamus a ɗakin karatu, na gane wautar da na tafka. Ashe kalmar "sugar" ba ta gado ba ce wurin Ingilishi, arowa suka yi. Tushenta yana can Indiya, inda aka daɗe ana dafa ruwan rake har ya daskare. A tsohon harshensu na Sanskirit ana kiran abin "sharkara", wato tsakuwa, saboda ƙwayoyinsa. Farisawa suka karɓa suka ce "shakar", Larabawa suka mai da ita "sukkar".

Da Larabawa suka kai noman rake Andalus da tsibirin Sisili, sai sunan ya bi kayan. Mutanen Italiya suka ce "zucchero", na Sifen suka haɗa har da "al" ɗin Larabci suka ce "azúcar", Faransawa kuwa "sucre". Daga Faransanci ne ta shiga Turancin Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 13.

To, mai karatu, ina Bahaushe ya samo tasa? Daga bakin Balarabe ya ɗauka, ya sassauta lafazin, ya ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda harshensa ya saba. Ke nan sukarin Kaka ya fi kusa da "sukkar" bisa ga sugan da nake taƙama da shi, wanda sai da ya zaga Turai kafin ya iso mu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Allah ya yi mata rasuwa kafin in san wannan, balle in koma in nemi gafara. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. 'Yan'uwana ɗalibai, kafin ɗayanmu ya gyara wa tsoho Hausa, ya fara bincika asalin kalmar tukuna. Allah ya jiƙan Kaka, amin.